Yadda Ake Gano Asalin Kalmar Turanci Mai "port" a Cikinta: Ƙofa, Dako da Camfi

Duk wanda ya yi shirin jarrabawar Turanci ya san dabarar nan da malamai ke koyarwa: in ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba, leƙa cikinta ko za ka ga wani guntu da ka sani. Sukan ce duk inda ka ga *port*, ɗaukar kaya ake nufi, su kawo *transport*, *import* da *export* a matsayin shaida. Dabarar tana ci, amma ba kullum ba. Da ita ɗalibi zai tsallake *portable* lafiya lau, ya zo kan *portent* ya yi ƙasa warwas, domin babu ko ƙanshin dako a wannan kalma. Abin da ya jawo haka shi ne, *port* ɗin da ido ke gani ba 'yan gida ɗaya ba ne. Kalmomi ne daban-daban na Latin, harshen Rumawan da, suka shigo Turanci kamar 'yan biki da suka yi anko: atamfa iri ɗaya, amma wata dangin ango ce, wata ta amarya, wata kuma 'yar gayyar soɗi. Ga yadda ake tantance su.

Mataki na ɗaya: yanke goshi da ƙeya, ka ga abin da ya saura

Fara da cire ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Ɗafa-goshin Latin da ke yawo a wannan dangi ba su da yawa, a zama guda za ka haddace su. *Trans-* ƙetarewa ne, *in-* shiga ciki, *ex-* fita waje, *re-* komowa, *de-* kawarwa, *sub-* ƙarƙashi, *com-* tarayya, *ob-* fuskantar wani abu. Da ka cire su sai ma'anar ta fito fili. *Export* ɗaukar kaya a fitar, *import* a shigo da su, *transport* a ƙetarar da su daga wuri zuwa wuri. *Deport* a ɗauke mutum a kawar da shi, abin da 'yan jarida ke kira tasa ƙeya. *Report* kuwa mutum ya je ya ɗauko labari ya komo da shi, kuma ita ce Hausa ta ara ta lanƙwasa ta zama rahoto. *Support* shi ne ka shiga ƙarƙashin abu ka ɗauke nauyinsa, wato tallafi.

Abin da ke ruɗa mutane a nan shi ne ɗafa-goshin yakan sauya kama in ya haɗu da harafin p. *Sub* da *port* sun ba da *support*, *ob* da *port* sun ba da *opport-* na cikin *opportunity*, *in* da *port* sun ba da *import*. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Muna rubuta "ɗan birni", amma saurari bakinka, "ɗam birni" kake faɗa. Leɓe ne ke neman sauƙi, a Rum ko a Kano.

Ka kula da inda wuƙa ta sauka. Wasu kalmomin a tsakiyar *port* ɗin ake yanka su, kuma in ka yanka a inda ba gaɓa ba, duk lissafin da zai biyo baya ya ɓaci. Za mu zo kansu a mataki na biyar.

Mataki na biyu: tambayi kalmar, ke 'yar wane gida ce?

Gidaje uku ne na halak. Akwai *porta*, ƙofa, musamman ƙofar gari. Akwai *portus*, tashar jiragen ruwa. Akwai *portare*, ɗauka. Can asali kakansu ɗaya, wata tsohuwar saiwa mai nufin wucewa ko ratsawa, amma tun a bakin Rumawa kowacce ta kama gabanta. Tambayar da za ka yi wa kalma mai sauƙi ce: shiga ake yi ta cikinta, sauka ake yi a bakinta, ko ɗauka ake yi?

Gidan ƙofa shi ne mafi ƙanƙanta. *Portal* babbar ƙofa ce mai ado, irin ta majami'u da fadoji, kuma ita ce ɗaliban jami'a ke nufi in sun ce an buɗe "fotal" ko an rufe: ƙofar intanet da ake bi a yi rajista. *Porch* da *portico* kalma ɗaya ce ta Latin, *porticus*, baranda mai ginshiƙai a bakin ƙofa. Ɗaya ta biyo ta Faransa ta gajarce, ɗaya ta biyo ta Italiya ta iso da jikinta. *Portcullis* ita ce ragar ƙarfe mai tsini da ake sakowa daga sama a toshe ƙofar ganuwa in abokan gaba sun taso. Daga tsohon Faransanci take, ma'anarta ƙofa mai sulɓewa, kuma hotonta ne tambarin Majalisar Dokokin Birtaniya har gobe. Mai karanta tarihin Daular Usmaniyya ta Turkiyya zai ci karo da *Sublime Porte*, sunan da Turawa suka riƙa kiran gwamnatin Santanbul da shi. Fassarar Faransanci ce ta Babul Ali, maɗaukakiyar ƙofa. Wanda ya san abin da "ƙofar fada" ke nufi a ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan yadda ƙofa ke zama sunan mulki. Ramin da kake cusa waya a jikin kwamfuta, da 'yar tagar nan mai zagaye ta jirgin ruwa, *porthole*, su ma nan gidan suke, domin kafa ce da abu ke bi.

Gidan tasha ya fi yawa a taswira. Portsmouth a Ingila, Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, Port Sudan a bakin Bahar Maliya. Sunan ƙasar Fotugal ma daga *Portus Cale* ya samo asali, wata tsohuwar tasha a bakin kogin Douro, inda birnin Porto yake yanzu. Namu na gida shi ne Port Harcourt, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1912 don fitar da kwal ɗin Inugu, Gwamna Lugga ya raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mallaka na lokacin, a 1913. Bakin Bahaushe ya tauna sunan ya fito da Fatakwal. Fasfo ma haka: *passport* daga Faransanci, takardar izinin wucewa ta tasha.

Kalmar da ta fi burge ni a wannan gida ita ce *opportunity*. A Latin, *ob portum* na nufin fuskantar tasha. A zamanin da jirgi ba shi da inji, sai filafilai, matuƙi yana iya hango gari da idonsa ya kwana a teku saboda iska ta ƙi juyowa. Iskar da ta taso tana tura jirgi zuwa tasha ita ce *opportunus*, mai zuwa a kan kari. Kishiyarta *importunus*, wadda ba ta dace ba, ita ta haifi *importune* da *importunate*, naci da damun mutum da roƙo. Ka lura: *importune* da *import* sun yi kama sosai, amma ɗaya 'yar gidan tasha ce, ɗaya 'yar gidan dako. Haka kuma hagun jirgin ruwa ana kiransa *port*. A da ana ɗaure abin tuƙa jirgi a gefen dama, shi ya sa ake kiran daman *starboard*, gefen tuƙi, sai a jingina hagun da tasha don kada abin tuƙin ya karye. Tsohon sunan hagun *larboard* ne, amma cikin hayaniyar iska ba a bambance shi da *starboard*, don haka sojojin ruwan Birtaniya suka soke shi a 1844.

Gidan dako shi ne babban gida, kuma a nan ma'anoni suka fi yin nisa da tushe. *Portable* ba ta da wuya, abin da ake iya ɗauka. *Portfolio* daga Italiyanci take, jakar ɗaukar takardu. Da yake minista da jakarsa yake zuwa majalisa, sai ta zama sunan ma'aikatar da aka ba shi, har aka sami minista marar *portfolio*. *Portmanteau* akwatin tafiya ne mai buɗewa gida biyu, asalinsa "ɗauki alkyabba" a Faransanci, daga baya aka ara wa kalmomin da aka narka biyu suka zama ɗaya, irin *motel* da *smog*. *Important* abu ne da ya shigo da nauyi a cikin magana. *Deportment* da *comport* yadda mutum ke ɗauke da kansa ne a gaban jama'a, *portly* ma da can mai kwarjini take nufi kafin ta koma mai tumbi. Masu sauya kamfanin waya su riƙe lambarsu, abin da aka fara a Najeriya a 2013, in sun ce sun yi *porting*, lambar suka ɗauka suka kai wani gida.

Sai *sport*, wadda ba wanda zai kalle ta ya ce 'yar gidan ce. Guntuwar *disport* ce, daga tsohon Faransanci *desporter*, mutum ya ɗauke kansa daga aiki ya je ya sha iska. Goshin ya gutsure, harafin s kaɗai ya rage manne. Ashe masu cewa ƙwallo na ɗauke hankalin yara daga karatu suna da hujja tun daga sunan.

Mataki na uku: in kalma ɗaya tana da ma'ana biyu da suka yi hannun riga, zargi cewa kalmomi biyu ne

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne *porter*. A tashar jirgin ƙasa, a otal, a asibiti, *porter* ɗan dako ne, mai ɗaukar kaya ko tura gadon marar lafiya. Amma a kwalejojin Oxford da Cambridge, da ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'o'inmu da suka gaji tsarin Ingila, *porter* yana zaune ne a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, yana riƙe da makullai, yana duba mai shiga da mai fita. Ka miƙa masa akwatinka ka ce ya kai maka ɗaki, za ka sha kallo. Na farkon daga *portator* yake, mai ɗauka. Na biyun daga *portarius*, mai tsaron ƙofa, kwatankwacin sarkin ƙofa a tsohon birni. Faransanci ya goge ƙarshensu, Turanci ya ƙarasa, suka zama rubutu ɗaya.

Ƙamus mai kyau ba ya cakuɗa su. Za ka ga ya jera kalmar sau biyu, da 'yar lamba 1 da 2 a samanta. Wannan lambar ba ado ba ce, alama ce cewa asali ya bambanta. Duba *port* ɗin kanta, za ka tarar an jera ta sau da yawa.

Mataki na huɗu: koyi karanta layin asali a ƙamus

Mafi yawan mutane suna karanta ma'ana su rufe ƙamus. Abin da kake nema yana ƙasa, ko a farko cikin baka, cike da gajerun haruffa. Manyan ƙamusoshi irin na Oxford da Merriam-Webster duk suna da shi, a takarda da a intanet. L na nufin Latin, Gk Girkanci, OF ko OFr tsohon Faransanci, OE tsohon Turanci na kafin kusan 1100, ME Turancin tsakiya daga nan zuwa wajen 1500, ON tsohon harshen mutanen Sikandinebiya. In ka ga tauraro a gaban kalma, masana ne suka sake gina ta ta hanyar kwatanta harsuna, ba a same ta a rubuce ba.

Karanta layin daga yau zuwa baya, kana neman abu biyu: hanyar da kalmar ta biyo, da lokacin da ta iso. Shekarar da za ka riƙe ita ce 1066, lokacin da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, kalmomin Latin suka kwararo ta bakin Faransawa, a gajarce, a goge. Su ne irin *porch*, *porter*, *sport*. Daga baya, musamman a ƙarni na 16 da na 17, malaman Ingila suka koma suna ɗebo kalmomi kai tsaye daga littattafan Latin, waɗannan kuwa sukan iso kusan yadda suke. *Port* mai nufin tasha ta riga su duka, tun a tsohon Turanci take. Saboda haka kalma in ta yi gajarta ta yi laushi, yawanci ta daɗe a hanya. In ta yi tsawo tana ƙamshin aji, malamai ne suka shigo da ita.

Mataki na biyar: ware baƙi, sannan ka bi sawun kalmomin camfi

Yanzu mu koma kan *portent*. Ba *port* da *-ent* ba ce. *Por-* ce da *tent*, daga *portendere*: *por-* gaba, *tendere* miƙawa. Abin da aka miƙo gabanka ne tun bai iso ba, alamar wani babban al'amari da ke tafe, galibi marar daɗi. 'Yan uwanta na jini su ne *extend*, *intend*, *attend*, *pretend*, *tension*, har da *tent*, tantin da ake ja a miƙe da igiya. Wasu baƙin biyu su ne *portion* da *proportion*, daga *portio*, rabo, sai *portrait* da *portray*, daga *protrahere*, jawo abu fili, dangin *tractor* da *attract*. Gwajin shi ne: in ka cire *por-* ka ga abin da ya saura yana da dangi a wasu kalmomi, to a nan gaɓar take.

Da ka shiga ta *portent*, ka shiga wata unguwa mai faɗi, domin Rumawa mutane ne masu camfi na gasken gaske, kuma camfin nasu aikin gwamnati ne. Ba a zaɓe, ba a fita yaƙi, ba a zaman majalisa sai an duba. Babbar hanyar dubansu ita ce tsuntsaye: ta ina suka taso, nawa ne, wane kuka suka yi. *Avis* tsuntsu, *specere* kallo, haɗuwarsu ta ba da *auspicium*. Daga nan *auspicious* ta fito, abin da ya fara da alamar nasara, da kuma *under the auspices of* da ake rubutawa a katin gayyata, "ƙarƙashin jagorancin" wata hukuma. Asalinta, mai riƙe da mulki shi ke da ikon duba tsuntsaye, duk abin da aka yi a ƙarƙashinsa da dubansa aka yi. Ɗaliban hadisi za su tuna da taɗayyur, al'adar Larabawan jahiliyya ta korar tsuntsu a ga ko dama zai yi ko hagu kafin a kama tafiya, wadda Musulunci ya hana. Ita ma daga ɗairu take, tsuntsu. Al'ummu biyu, harsuna biyu, hanya ɗaya.

Jami'in da ke wannan aiki a Rum sunansa *augur*. Kafin a naɗa sarki ko a keɓe wuri don ibada, sai ya duba ya ce an yarda. Wannan shi ne *inaugurare*. Duk ranar 29 ga Mayu da aka rantsar da sabon shugaba a Abuja jaridun Turanci suka rubuta *inauguration*, kalmar ɗan duba suke amfani da ita, ko da yake alƙalin alƙalai ne ke tsaye a wurin. Filin da *augur* ke shatawa da sandarsa don ya zauna ya kalli sama sunansa *templum*, wanda ya ba da *temple*, wurin bauta, da *contemplate*, zurfafa tunani.

Sojoji har kaji suke tafiya da su a keji. In an watsa musu tsaba suka ci da zari, alamar nasara ce. Marubutan Rum sun ba da labarin wani kwamanda, Publius Claudius Pulcher, a yaƙin ruwa da mutanen Kartaj ta Arewacin Afirka a Drepana, gaɓar Sisili, shekara 249 kafin Miladiyya. Kajin suka ƙi ci. Ya fusata ya sa aka watsa su teku, ya ce tunda ba za su ci ba, su sha. Ya shiga yaƙin ya yi asarar mafi yawan jiragensa, da ya koma gida aka gurfanar da shi.

Sauran kalmomin unguwar ba sa bukatar dogon tsayi. *Omen* ta Latin ce yadda take, tana iya zama alheri ko sharri, amma 'yarta *ominous* ta karkata ga sharri kaɗai. *Abominable* abin da ake kawar da kai daga gare shi ne saboda mugun fata ne. *Monster* daga *monstrum*, ita kuma daga *monere*, gargaɗi: ɗan maraƙi mai kai biyu a wurin Barume saƙo ne daga allolinsa, daga baya kalmar ta koma dodo. *Prodigy* ma abin al'ajabi ne mai ban tsoro a da, yau yaro mai baiwa ake nufi. *Sinister* hagu ce kawai a Latin. Abin mamaki, 'yan duban Rum da farko hagu suke ɗauka alheri, ra'ayin Girkawa ne na ƙyamar hagu ya rinjaya daga baya. *Disaster* mugun tauraro ne, ta biyo ta Italiyanci da Faransanci, *influenza* kuma tasirin taurari, domin su aka ɗora wa laifin annobar mura.

Guda ɗaya ce a cikinsu ba ta Rum ba, kuma ta cancanci a tsaya mata: *harbinger*, mai share fagen abin da ke tafe. Asalinsa ma'aikacin fada ne da ke riga sarki ko runduna isa gari ya nema musu masauki. Mutanen gari in sun gan shi sun san baƙi masu nauyi na bisa hanya. Saiwarsa ɗaya da *harbour*, wadda asalinta mafakar runduna ce kafin ta zama mafakar jirage.

Mataki na shida: sauya harafi ka nemo dangin nesa

Turanci ba ɗan Latin ba ne, ɗan uwansa ne na nesa. Ya yi aro ne kawai da yawa. Don haka saiwa ɗaya takan shigo masa sau biyu, ta gado da ta aro. Akwai ƙa'idar da masanin harshe Rasmus Rask ya lura da ita, takwaransa Jacob Grimm ya tsara ta a 1822: inda Latin ke da p, Turancin gado yana da f. *Pater* da *father*, *piscis* da *fish*, *ped-* da *foot*. Ɗora wannan a kan *portus*, sai ga *ford*, mashigin kogi inda ake ratsawa da ƙafa. Oxford ke nan, mashigin shanu. *Fare*, wadda asalinta tafiya ce kafin ta zama kuɗin mota, da *farewell*, da *ferry*, jirgin fito, da *fjord* na ƙasar Norway, duk zuriyar nan ce.

Ga tarko a nan. Latin tana da wata kalmar ɗauka, *ferre*, wadda ke cikin *transfer*, *refer*, *prefer*, *offer* da *suffer*, har da *referee* da 'yan ƙwallo suka mayar rafali. Ido zai ce *ferry* 'yarta ce, tunda jirgin fito ɗaukar mutane yake. Ba haka ba ne. Inda Latin ke da f a farkon irin waɗannan kalmomi, Turancin gado b yake da shi: *frater* da *brother*. Saboda haka 'yan uwan *ferre* su ne *bear*, *burden* da *birth*. A Girkanci saiwar ce ke ƙarshen *metaphor* da *phosphorus*, mai ɗauke da haske. Ita kuwa *carry* daga wani wuri dabam ta ɓullo: *carrus*, keken doki da Rumawa suka aro sunansa daga mutanen Gaul, Faransa ta yau. Ita ta haifi *car*, *cargo*, *career* da *charge*, loda wa keke kaya, wadda muke faɗa kullum in mun sa waya a caji.

Mataki na bakwai: kada ka amince ko da kalmar da ka fi sani

*Gate*, wadda muka ara muke cewa "bakin get", ita ma biyu ce. Akwai ta tsohon Turanci, *geat*, ƙofa, akwai *gata* ta 'yan Sikandinebiya da suka mamaye arewacin Ingila a ƙarni na 9, mai nufin titi. Shi ya sa a birnin York za ka ga Stonegate, Coppergate da Micklegate, ka yi ta neman ƙofa ba ka gani ba, domin tituna ne. Ƙofofin ganuwar garin na ainihi *bar* ake ce musu, irin Micklegate Bar da Monk Bar. *Gait*, salon tafiyar mutum, daga ta titin take. Ita kuwa *-gate* da 'yan jarida ke liƙa wa kowace badaƙala ba ta da alaƙa da ko ɗaya. Wutsiyar sunan ginin Watergate ce a Washington, inda abin kunyar 1972 ya faro har ya ci kujerar Shugaba Nixon a 1974.

Akwai kuma ƙofofin da suka ɓuya sarai. *Janua* ƙofar gida ce a Latin, daga Janus, gunkin ƙofofi mai fuska biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Shi ya ba da *janitor*, wanda mai gadin ƙofa ne kafin Amurkawa su mayar da shi mai shara, shi ya kuma ba da sunan watan Janairu. *Usher*, mai nuna wa baƙi wurin zama, daga *ostiarius* yake, mai tsaron *ostium*, wata kalmar ƙofa.

Mataki na takwas: labari in ya cika daɗi, nemi shekararsa

Asalin kalmomi fage ne da tatsuniya ke yawa. Rumawa da kansu suna da tasu: wai in za a kafa gari ana jan garma a shata inda ganuwa za ta bi, in an zo inda za a yi ƙofa sai a ɗaga garmar a ɗauke ta, shi ya sa *porta* ta fito daga *portare*. Al'adar jan garmar an rubuta ta, dangantakar kalmomin biyu ma gaskiya ce, amma ta girmi Rum nesa ba kusa ba. Labarin daga baya aka ɗinka shi. Turawan tsakiyar zamani sun riƙa rubuta *abhominable* da h, suna zaton daga *ab homine* take, abin da ya fita daga ɗabi'ar mutum, sai daga baya aka cire harafin. Akwai kuma wanda ke yawo har yau, wai *posh* gajarcewar *port out, starboard home* ce da ake bugawa a tikitin attajirai masu zuwa Indiya ta ruwa. An bincika, ba a taɓa samun tikiti ko ɗaya mai wannan tambari ba. Ƙa'idar da za ta tsare ka: duk labarin da ya ce tsohuwar kalma haruffan farko ne na wata jimla, kamar masu cewa *news* gabas da yamma da kudu da arewa ce, ka ajiye shi gefe. Irin wannan ƙirƙirar kalma sai a ƙarni na 20 ta yawaita.

Mataki na tara: koma cikin jimla

Asali yana taimaka maka ka tuna kalma ka kuma hasashi ma'anarta, amma ba shi ke yanke hukunci kan yadda ake amfani da ita yau ba. Bayan ka gama tono, nemo jimloli uku ko huɗu na wannan zamani, daga jarida ko littafi, ka ga inda ma'anar ta tsaya. *Portentous* misali ce mai kyau: har yanzu tana nufin abin da ke nuna wani babban al'amari na tafe, amma marubutan yau sun fi jifan mai magana da ita in yana kumbura murya kan abin da bai kai ya kawo ba. *Purport* asalinta ɗauke da ma'ana ne, yau kuwa in an ce takarda *purports to be* daga wata ma'aikata, shakka ake nunawa, wato ta yi iƙirari ne kawai. *Augur* a matsayin aikatau kusan kullum da *well* ko *ill* take tafiya, *bode* ma haka, alhali *portend* kai tsaye take ɗaukar abin da ake tsoro, ba ta bukatar rakiya. Rubuta kowace kalma a littafinka da abu huɗu a gefenta: gidanta, hanyar da ta biyo, 'yan uwanta biyu, da jimla ɗaya da ka tsinto da kanka.